Darasi na Goma Sha Tara: Koya wa Kwamfuta Cike Gurbi

Tun daga ajin farko na koyon Hausa kuka saba da aikin da ake kira cike gurbi. Malami yakan rubuta jimla a kan allo, ya bar wuri ɗaya ko biyu babu komai, ya ce ku cike:

Sunana ______, shekaruna ______.

Wannan ɗaliba ta rubuta Ngozi a gurbin farko, ta sa 15 a na biyu. Wancan ɗalibi ya rubuta Tunde, ya sa 16. Jimlar tana nan yadda take, abin da aka zuba a cikinta ne ya bambanta. Irin wannan aiki ne kwamfuta take yi a mafi yawan lokutan da ta fitar da rubutu. Saƙon da banki yake aiko wa mutum a waya idan kuɗi sun shiga asusunsa ba wani akawu ne ya zauna ya rubuta shi ba. Jimla ɗaya aka tanada mai gurabe: gurbin adadin kuɗi, gurbin kwanan wata, gurbin abin da ya rage a asusu. Haka takardar sakamakon jarrabawa take, haka rasidin da ake ba ku a babban kanti.

A wannan darasi za mu karanta yadda masu koyon rubuta manhaja suke gina wa kansu abin da yake yin wannan aiki. Za ku haɗu da sababbin kalmomi na fasaha, kuma za ku ga yadda ake bayyana aiki mataki bayan mataki da Hausa. Ba dole ne ku taɓa rubuta manhaja ba kafin ku fahimci karatun. Wanda ya iya raba lamba da goma ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata.

Asalin abin

A shekarar 1972 wani masani mai suna Dennis Ritchie, wanda yake aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, ya ƙirƙiro wani harshen ba kwamfuta umarni, aka sa masa suna C. Har yau da wannan harshe ake rubuta ginshiƙan manyan manhajoji, irin su Linux, wadda a kanta aka ɗora Android ɗin da ke cikin wayoyin mutane da yawa. A cikin kayan aikin da suke zuwa tare da C akwai wani da ake kira printf. Kashin farko na sunan yana nufin bugawa, harafin f na ƙarshe kuma yana nuna cewa rubutun da za a buga tsararre ne. Dabarar ta girmi C. Harshen Fortran na 1957 yana da tasa hanyar tsara rubutu, harshen BCPL kuma, wanda Martin Richards ɗan Ingila ya fito da shi a 1967, ya yi amfani da alamar % wajen nuna gurbi.

Ga yadda ake rubuta jimlarmu ta ɗazu da printf:

```
printf("Sunana %s, shekaruna %d.\n", "Ngozi", 15);
```

Alamar %s gurbin kalma ce, %d gurbin lamba, \n kuma tana nufin a sauka sabon layi. Abubuwan da suka biyo bayan jimlar, wato "Ngozi" da 15, su ne za su shiga guraben, na farko a gurbin farko, na biyu a na biyu.

Tunda printf tana nan a shirye, me zai sa ɗalibi ya wahalar da kansa wajen gina wata? Dalilin ɗaya ne da wanda yake sa mai koyon gyaran mota ya kwance inji mai lafiya ya sake ɗaura shi. Ritchie da abokin aikinsa Brian Kernighan sun wallafa littafin koyon C a 1978, kuma a bugu na biyu, na 1988, sun sa misalin wata ƙaramar printf da suka kira minprintf domin masu karatu su ga cikin abin. Makarantar 42 da aka buɗe a Paris ta ƙasar Faransa a 2013 tana ba ɗalibanta wannan aiki a farkon karatunsu. Shirin horaswa na ALX, wanda matasan Nijeriya da dama suka shiga ta intanet, shi ma ya ba da shi, ɗalibai bibbiyu suna yi tare. A ganina babu wani ƙaramin aiki da ya tara darussa masu yawa a wuri guda kamar wannan.

Ɗan aike da kayansa

Manhajar C tana kasuwa zuwa ƙananan sassa, kowane da aikinsa. A nan za mu kira kowane sashe ɗan aike, domin halinsu ɗaya: ana kiran sunansa, a danƙa masa kaya, ya je ya yi aikin, ya dawo da amsa. Idan kuka tuna darasin nahawu, ɗan aike yana kama da aikatau, kayan da aka ba shi kuma suna kama da karɓau. Ɗan aiken da za mu gina mu sa masa suna buga.

Sharaɗin aikin shi ne ba za a nemi taimakon printf ta asali ba. Abin da aka yarje wa ɗalibi kawai shi ne hanyar fitar da harafi ɗaya zuwa allo. A kwamfutocin da suke amfani da Linux ana yin haka da umarnin write. Saboda haka ɗan aiken farko da ake ginawa ƙarami ne ƙwarai: a ba shi harafi ɗaya, ya rubuta shi, ya dawo da amsar 1, ma'ana ya rubuta abu ɗaya. Mu kira shi harafi. Na biyu shi ne kalma, wanda yake kiran harafi sau da yawa har kalmar ta ƙare. A C kowane jerin haruffa yana ƙarewa da wata ɓoyayyiyar alama wadda ƙimarta sifiri ce, ana rubuta ta '\0'. Ita ce take gaya wa kalma ya tsaya, kamar yadda aya take gaya wa mai karatu jimla ta ƙare.

Akwai wata matsala tun daga bakin ƙofa. Ɗan aike na yau da kullum ya san adadin kayan da za a ba shi. Buga bai sani ba, domin wata jimla gurbinta ɗaya, wata biyar, wata ba ta da ko ɗaya. Ƙa'idar C da aka amince da ita a 1989 ta tanadi mafita a wani fayil mai suna stdarg.h. Ku ɗauka kayan suna cikin buhu a jere: va_start yana buɗe bakin buhun, va_arg yana zaro abu ɗaya duk lokacin da aka kira shi, va_end yana ɗaure buhun. Amma wanda yake zarowa ba ya ganin cikin buhun. Sai an gaya masa ko lamba zai zaro ko kalma, kuma jimlar mai gurabe ce kaɗai take gaya masa. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

Tafiya harafi bayan harafi

Yanzu ga zuciyar aikin. Buga yana bin jimla daga hagu zuwa dama, yana duba harafi ɗaya bayan ɗaya. Idan harafin ba % ba ne, sai ya rubuta shi yadda yake, ya wuce. Idan % ne, sai ya dakata ya leƙa harafin da ke gaba. Idan c ne, sai ya zaro harafi daga buhu. Idan s ne, sai ya zaro kalma. Idan d ne, sai ya zaro lamba. Idan kuma wata % ce, to mai rubutu alamar kanta yake so ta fito, kamar a cikin "kashi 40%". Duk tsawon tafiyar yana ƙirga abin da ya rubuta, domin amsar da printf take dawowa da ita ke nan.

```
int buga(const char *jimla, ...)
{
    va_list kaya;
    int adadi = 0;
    int i;

    va_start(kaya, jimla);
    for (i = 0; jimla[i] != '\0'; i++) {
        if (jimla[i] != '%') {
            adadi += harafi(jimla[i]);
            continue;
        }
        i++;
        if (jimla[i] == '\0')
            break;
        if (jimla[i] == 'c')
            adadi += harafi(va_arg(kaya, int));
        else if (jimla[i] == 's')
            adadi += kalma(va_arg(kaya, char *));
        else if (jimla[i] == 'd')
            adadi += lamba(va_arg(kaya, int));
        else if (jimla[i] == '%')
            adadi += harafi('%');
    }
    va_end(kaya);
    return adadi;
}
```

Ku lura da layuka biyun da suka biyo bayan i++. Suna nan ne domin jimlar da ta ƙare da % babu komai a gabanta. In babu su, buga zai tsallake alamar ƙarshe bai lura ba, ya ci gaba da karanta abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta bayan jimlar, wanda ba nasa ba ne. Ku kuma lura da sunayen jimla, kaya da adadi. Kwamfuta ba ta damu da wane harshe aka ɗauko su ba. Kalmomi kaɗan ne C ya keɓe wa kansa, sauran sunaye mai rubutu ne yake zaɓa, ko da Hausa, ko da Yarabanci, ko da Ibo, ko da Tibi.

Lamba ba rubutu ba ce

A nan ne ɗalibai suka fi daɗewa, kuma a nan ne ribar aikin take. Idan muka ga 1960 a takarda, muna ganin alamomi huɗu. Kwamfuta ba haka ta ajiye ta ba. A wurinta 1960 adadi ne guda ɗaya, dunƙulalle, kamar tsabar gero a cikin mudu. Allo kuwa haruffa kawai yake karɓa. Dole ne a warware adadin zuwa alamomin 1, 9, 6 da 0, a aika su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar ita ce rabawa da goma a kai a kai, ana ajiye saura:

1960 a raba da 10, an sami 196, saura 0.
196 a raba da 10, an sami 19, saura 6.
19 a raba da 10, an sami 1, saura 9.
1 a raba da 10, an sami 0, saura 1.

Saurar da aka tara su ne 0, 6, 9, 1. Alamomin da muke nema ke nan, amma sun fito a juye. Da Hausa muna fara faɗar babba kafin ƙarami: dubu ɗaya da ɗari tara da sittin. Rabawa kuwa ƙaramin take fara ba mu. Saboda haka sai a zuba su a wani mazubi tukuna, sa'an nan a kwaso daga na ƙarshe zuwa na farko, kamar faranti da aka jera wani kan wani, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka.

Da sauran mataki guda. Adadin shida daban, harafin "6" daban. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, kowane harafi yana da lambarsa: babban A shi ne 65, ƙaramin a 97, alamar "0" kuma 48, "1" 49, har zuwa "9" da take 57. Tunda a jere suke, idan aka ƙara 48 a kan saura sai a sami harafin da ya dace. Shida da arba'in da takwas hamsin da huɗu ne, kuma 54 ita ce lambar harafin "6".

Wannan hanya tana da ramuka uku, kuma kusan kowane mai koyo yakan faɗa a ɗaya daga ciki. Na farko sifiri. Idan ƙa'idar da aka rubuta ta ce "a ci gaba da rabawa muddin lambar ta fi sifiri", to da aka ba ta 0 ba za ta yi rabawa ko sau ɗaya ba, allo ya zauna wayam. Ɗalibin da ya ci sifiri a jarrabawa zai ga gurbinsa babu komai, ya zaci ba a duba takardarsa ba. Maganin shi ne a yi rabawar farko kafin a yi tambaya. Na biyu lambar da ke ƙasa da sifiri, kamar -45. Wannan mai sauƙi ne: a rubuta alamar ɗebewa, a juya lambar ta koma 45, a ci gaba.

Rami na uku ya fi zurfi. A mafi yawan kwamfutocin yau, wurin da ake ajiye lamba irin ta int yana ɗaukar daga -2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647. Ku dubi ƙarshen lambobin biyu da kyau: ɓangaren ƙasa ya fi na sama da ɗaya. Idan aka ba buga lambar nan mafi ƙanƙanta, ya yi ƙoƙarin juya ta, amsar ita ce 2,147,483,648, kuma ba ta da wurin zama. Abin da zai fito a allo ba wanda zai iya lamuncewa. Maganin shi ne a fara kwashe lambar zuwa wuri mafi faɗi, irin wanda ake kira long long, kafin a juya ta. Lamba ɗaya ce tak cikin fiye da biliyan huɗu take jawo wannan, amma masu duba aikin ɗalibai ba sa mantawa da ita.

Wanda ya gane rabawa da goma ya sami wasu gurabe a kyauta. Idan ya raba da takwas ya sami %o, idan ya raba da goma sha shida ya sami %x. A ƙirgan goma sha shida ana aron haruffan a zuwa f su tsaya a madadin 10 zuwa 15. Ta haka 255 takan zama ff, 1960 kuma ta zama 7a8.

Faɗin gurbi da maganar kwabo

Ana iya saka lamba tsakanin % da harafin gurbi domin a faɗi faɗinsa. Alamar %5d tana nufin a ba lambar wuri na haruffa biyar, in ba ta cika ba a ƙara fili a hagunta. Alamar %-10s tana nufin wuri na haruffa goma, filin kuma ya koma dama. Da wannan ake jera sunaye da maki su miƙe kamar an ja su da rula. Domin buga ya iya wannan, dole ne ya san tsawon abin kafin ya fara rubuta shi, wanda hakan yana nufin sai an sake gyara lamba da kalma. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai, haka ginin manhaja yake.

Ga inda ƙaramin abu yake zama babba. Masu rubuta manhajar kuɗi sukan ajiye kuɗi da kwabo, a matsayin cikakkiyar lamba, domin kwamfuta ba ta iya ajiye adadi irin 0.1 daidai wa daida. Naira 1250 da kwabo 5 ta zama kwabo 125005. Wajen bugawa sai a raba da ɗari: an sami 1250, saura 5. Idan aka rubuta %d.%d, rasidi zai nuna 1250.5, kuma duk wanda ya karanta zai ɗauka kwabo hamsin ne. An ƙara wa mai saye kwabo 45 a takarda ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Daidai shi ne %d.%02d, wato wuri na alamomi biyu, a cike abin da ya rage da sifiri, sai a sami 1250.05.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Wannan sashe ya shafe mu kai tsaye. Tsarin ASCII alamomi 128 kawai ya ƙunsa, kuma domin Ingilishi aka yi shi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Ma'aunin ajiya a kwamfuta shi ne bayit. A UTF-8 haruffan Ingilishi suna cin bayit ɗai-ɗai, amma ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kowanne bayit biyu yake ci. Alamar naira ₦ tana cin uku. Haka ẹ, ọ da ṣ na Yarabanci, da ị, ọ da ụ na Ibo, uku-uku.

Idan rubutu ne kawai za a fitar, babu damuwa. Buga zai aika bayit bayan bayit, allo ya haɗa su ya nuna harafin daidai. Matsalar tana wajen ƙirga. Printf ta asali bayit take ƙirgawa, ba harafi ba. Sunan Dauda haruffa biyar ne, bayit biyar. Sunan Ɗahiru haruffa shida ne, amma bayit bakwai. Idan aka sa shi a gurbin %-10s, printf za ta ɗauka ya ci wuri bakwai, ta ƙara fili uku maimakon huɗu, sai makin Ɗahiru ya goce daga layin sauran. Jadawalin aji mai ɗalibai Hausawa, Yarabawa da Ibo zai fito a karkace.

Wanda ya gina tasa printf yana da ikon gyara wannan, kuma gyaran ba shi da tsawo. A UTF-8, duk bayit ɗin da yake ci gaban wani harafi ne ƙimarsa tana tsakanin 128 da 191. Sai a ce wa mai ƙirga ya tsallake waɗannan, ya ƙirga sauran. Wannan ya wadatar ga dukkan baƙaƙen Hausa. Yarabanci mai alamun karin sauti a kan ẹ da ọ yana bukatar ƙarin aiki, domin a can alamar daban ake ajiye ta, ta hau kan wasalin.

Wani abu kuma da gurbi ba ya sani shi ne jinsi. Jimlar "%s ya ci jarrabawa" za ta dace da Tunde, amma in aka zuba Ngozi a ciki sai Hausa ta lalace. Ingilishi ba ya bambanta namiji da mace a irin wannan wuri, shi ya sa wanda ya saba tsara jimla da shi yakan manta. Mai rubuta manhaja da Hausa sai ya buɗe wa "ya" da "ta" nasu gurbin: "%s %s ci jarrabawa".

Buhun da ba a ganin cikinsa

Mun ce jimla mai gurabe ce kaɗai take gaya wa buga abin da ke cikin buhu. Idan jimlar tana da gurabe uku aka ba da kaya biyu, buga ba zai sani ba. Zai sa hannu karo na uku ya zaro duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan aka ba shi lamba alhali gurbin na kalma ne, zai ɗauki lambar a matsayin adireshin wata kalma, ya tafi nema inda ba a aike shi ba, kuma galibi manhajar takan tsaya cak.

Masu kutse sun gane amfanin wannan rauni. Idan mai rubuta manhaja ya karɓi rubutu daga baƙo, ya miƙa shi ga printf a matsayin jimla mai gurabe, to baƙon yana iya cusa nasa guraben. Da %x zai leƙa abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta, da %n kuma, wanda aikinsa rubuta adadi a cikin ƙwaƙwalwa ne, zai iya canja abin da ke ciki. A shekarar 2000 an gano irin wannan kuskure a wata manhajar musayar fayiloli mai suna wu-ftpd, wadda kwamfutoci masu yawa a intanet suke amfani da ita a lokacin, kuma ya ba masu kutse damar ƙwace ragamar kwamfutar daga nesa. Kariya ba ta da wuya: rubutun baƙo ya shiga a matsayin kaya, jimlar kuma ta zama "%s" wadda mai manhaja ya rubuta da hannunsa.

Bayan an gama gini sai gwaji. A ba buga da printf ta asali jimla ɗaya da kaya ɗaya, a kwatanta rubutun da suka fitar da adadin da suka dawo da shi. A fara da 0, da -1, da lamba mafi ƙanƙanta, da kalmar da ba ta da harafi ko ɗaya, da %%. Inda suka saɓa, in ba gyaran baƙaƙe masu lanƙwasa ne ya jawo ba, to buga ne yake da laifi.

Ma'anar kalmomi

gurbi, jam'i gurabe: wurin da aka bari domin a saka wani abu.
manhaja: jerin umarnin da kwamfuta take bi ta yi wani aiki.
tanada: shirya abu a ajiye kafin bukatarsa ta zo.
mazubi: abin da ake zuba wani abu a ciki.
saura: abin da ya rage bayan rabawa.
wayam: babu komai.
goce: kauce daga layi ko daga hanya.
kutse: shiga wuri ba da izini ba.
lamunce: ɗaukar alhakin tabbatar da abu.

Nazarin harshe: idan … sai …

A sashen "Tafiya harafi bayan harafi" an maimaita wani gini sau da yawa. Sashen sharaɗi yana farawa da "idan", sashen sakamako yana farawa da "sai", lamirin da ke bin "sai" kuma gajere ne: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Misali: Idan ruwa ya tafasa, sai a zuba gari. Idan malama ta shigo, sai mu miƙe. Ana iya gajarta "idan" ta koma "in" ba tare da ma'ana ta canja ba.

Tambayoyi

1. Wane ne ya ƙirƙiro harshen C, a wace shekara, kuma a ina?
2. Me ya sa alamomin lamba suke fitowa a juye idan ana rabawa da goma? Yaya ake gyara wannan?
3. Ku bayyana da kalmominku yadda kwabo 5 ya koma kamar kwabo 50 a rasidi.
4. Haruffa nawa ne kuma bayit nawa ne a kowace daga cikin waɗannan kalmomi: ƙofa, ɓarawo, ɗanɗano, makaranta?
5. Me zai faru idan gurabe sun fi kayan da ke cikin buhu yawa?

Aiki

A. Ku warware 2048 ta hanyar rabawa da goma. Ku rubuta kowane mataki da cikakkiyar jimlar Hausa, sa'an nan ku rubuta lambar da kalmomi.

B. Ku rubuta abin da zai fito a allo:

```
buga("%s %s sami maki %d cikin 100, wato %d%%.\n", "Amina", "ta", 72, 72);
```

C. Ku tsara jimla mai gurabe wadda makarantarku za ta iya aika wa iyaye domin sanar da ranar komawa hutu da kuɗin makaranta. Ku tabbatar ta dace da ɗalibi namiji da ɗaliba mace.

D. Ku rubuta jimloli biyar masu ginin "idan … sai …" da suke bayyana yadda ake dafa wani abinci na garinku.